Saƙon Yaya a Kwandon Shara

Laraba, 9 ga Sha'aban, bayan isha'i. Mansur.

Ni na jawo wa kaina. Saƙonnin 'yan damfara sun ishe ni a imel. Na bi bayanan da ke samansu, na ga yawanci kwanan watansu na shekarun baya ne. Sai na saita duk mai tsohon kwanan wata ya wuce kwandon shara.

Ɗazu na leƙa kwandon, sai ga saƙon Yaya Sani daga Gusau, wai na shekarar 2002! Ashe kwamfutar shagon intanet da yake zuwa, da an ɗauke wuta agogonta ke komawa baya.

"Inna na tafe umara. Ka tare ta a Jidda ran Laraba, 9 ga Sha'aban, da la'asar."

Wayarsa ba ta shiga. Inna ba ta jin Larabci. Ya Rabbi, yau ce Larabar.