Ɗorawar Gonar Baba

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Kato,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina addu'a Allah ya ƙara maka lafiya, kai da iyali can Fatakwal. Mu ma lafiya lau, sai gwiwar Mama da ke tashi jefi-jefi.

Yaya, maganar gonarmu ta Dutsen Abba ce, wadda ka ce a waya mu haƙura mu bar wa Sabo. To, ban haƙura ba, kuma na ji haushinka ƙwarai. Na ɗaukaka ƙara, jiya kotu ta soke hukuncin farko, ta ce a sake shari'ar, a kuma je a ga gonar da ido. Alƙalin farko cewa ya yi tunda Sabo da ubansa Nagoda sun daɗe suna noma ta, tasu ce. Kai ka san aro marigayi Baba ya ba Malam Nagoda, kuma ko yaro ya san mai aron gona shuka ce tasa, itatuwa na mai gona ne. Wa ke kaɗe ɗorawar nan duk shekara in ba Mama ba? Nagoda da kansa yake riƙe mata gora. Wannan ne alƙalin ya ƙi saurara, su kuwa na sama suka ce nan maganar take.

Ashe tun da Sabo ya ji an ɗaukaka ƙara ya sa aka sare ɗorawar, wai inuwa take yi wa masararsa. Ji rashin kunya! Da muka je yau muka tarar da kututture, Mama ta zauna a kai ta yi kuka har ta gode Allah. Sannan ta share fuska ta ce, "Ranar da alƙali zai zo, nan zai same ni. Sabo ya zo ya ce bai taɓa cin daddawata ba."

Matan unguwar da suke taya ta wanke kalwa sun ce za su ba da shaida. Saura kai, babban ɗa.

Ka gaida matarka Anti Charity da su Kenneth. Mama ta ba direban da zai kawo maka wasiƙar nan ƙullin daddawa, ita ce ta ƙarshe daga itacen. Ta ce a yi maka miya da ita ka sha, in ka gama ka kira ta ka sake cewa a bar gonar.

Ƙanwarka da ba ta ja da baya,
Eunice.