Doyar Mataimakin Gwamna

Zuwa ga jikana Sepio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan Kiti ƙalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Na ji ka a rediyo kana buɗe gada a madadin Gwamna. Ashe aikin Mataimaki ke nan: in rana ta yi zafi, kai ake turawa.

Bikin Sarki ya matso, kowane magidanci zai kawo doyarsa. Ka tuna wadda ka dasa a gindin itacen mahi shekarar da ka zama kansila? Ka shiga majalisa ka ce ba lokaci, ka zama Mataimaki ka ce a bari ta ƙara girma. To, magatakardanka mai takalmi mai ƙyalli ya zo yana raɗa wai yana neman babbar doya ta saye. A garin da kowa ya san doyar maƙwabcinsa kamar fuskar ɗansa? In ka kai ta saye gaban Sarki, ka manta da ƙuri'ar Kiti.

Ka gaida matarka mai haƙuri.
Kakarka, Nohno Elihna

Zuwa ga Nohno,

Bayan gaisuwa cikin ladabi, na sami saƙonki. Ni na aiki magatakardan, kuma na ji kunya. Na je a ɓoye na duba, ciyawa ta cinye wurin, aladu ma sun yi tono. Abin da ya rage bai fi ƙafar jariri ba. Abokin takarata Perdin kuwa an ce tasa sai ƙarti sun ɗauko a sanda. Ina ganin in aiko da uzuri, tunda Gwamna ba ya nan.

Naki mai biyayya,
Sepio

Sepio,

Gaisuwa, amma gajeriya. Uzurin me? Ni na wanke maka gindi, ban san ka da gudu ba sai ranar wanka. Ka zo ka tono abarka da hannunka. Ka bar kwat a ofis, a zauren biki can ƙasa za ka zauna wurin masu dakan saiwar sakau, abin shan biki, inda kakanka ya zauna.

Nohno

Jikana,

Ina gaishe ka. Ka tafi da wuri, bari in ba ka ragowar labari, don har yanzu haƙarƙarina na ciwo saboda dariya.

Ka dai ji Perdin da aka dire tasa kamar kwalekwale, ya sunkuyar da kai yadda aka saba: "Ranka ya daɗe, 'yar ƙarama ce, a yi haƙuri." Kai ma ka fito da taka a tafin hannu ka faɗi haka. Bayan tafiyarka Sarki ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ce tun yana yaro yake jin maza suna cewa doyarsu ƙarama ce, sai yau ya ga wanda ya faɗi gaskiya. Ya sa aka gasa masa ita, ya cinye ta shi kaɗai. Wata tsohuwa ta ce, "Gaskiya daga bakin ɗan siyasa kuma?" Ni ce tsohuwar.

Matan coci sun ce suna tare da kai. Amma kada kanka ya kumbura ya fi doyar. Na roƙi kan doyar taka wurin masu gashi, yana ƙarƙashin gadona ya fara tsiro. Ka zo ranar Asabar da adda.

Allah ya tsare.
Nohno Elihna

Nohno,

Na gode. Ina tafe Asabar. Gada ta jira Gwamna.

Sepio