Burgami Mai Maratayi Biyu

Zuwa ga maigidana, baban Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ba wanda ya faɗa mini ka rasu. Ina bakin zaure ina shanya gero maharba suka shigo gari ba kiɗa, sai na hangi burgaminka a kafaɗar abokinka Bawa. Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa ganin jakar nan a jikin wani ba, ko zazzaɓi kake kai ke rataye ta. A nan na zauna a ƙasa. Daga baya ne suka ce kububuwa ce ta sare ka a dajin Kebbe, kuma nisa da zafi sun sa a can suka yi maka sutura. Shekarar da aka sauke tutar Turawa ke nan, gari na ta murna, ni ina takaba.

Yau dai labari mai daɗi na kawo maka. Ɗanka yana gida. Yana kwance a ɗakinka da ƙafa a kumbure, yana cin tuwo kamar wanda aka yi wa gori. Ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, wanda kake yi mini dariya a kai, shi nake rubuta maka da shi, sai ka yi haƙuri da hannuna.

Da aka gama girbin bana ya ce zai bi maharba. Na yi kuka, na kai ƙara wurin innarka, ta ce ɗan maharbi ba a ɗaure shi da zani. Da na ga ba makawa, sai na ce to abu ɗaya ne nawa: jakar da zai ɗauka ni zan zaɓa.

Shi ransa na kan jakar soja, irin ta tamfol ɗin nan da tsoffin sojan Barma suka dawo da ita, mai maratayi biyu da ƙarafuna. Ya aro ɗaya daga kasuwa ya kawo mini yana ta washe baki. Na girgiza ta, ƙarafunan suka yi ƙara. Na tuna yadda kake cewa, "Jikkar da ka magana ba ta zuwa daji, nama na jin ta tun daga nesa." Na zuba mata ruwa ƙoƙo guda, kafin na miƙe cikinta ya jiƙe. Na ce ya mayar wa mai ita.

Innarka kuma ta ce a ba shi burgaminka, ai gado ne, akwai albarka a jikinsa. Wallahi ni ma zuciyata ta so. Na ɗauko shi na juye cikinsa waje, yadda kake yi idan baduku ya kawo maka aiki, kana cewa fuska ta mai saye ce, ciki na mai tafiya ne. Gindin ya suɗe har ina ganin hasken rana ta ciki, maratayin kuma ya bushe ya tsattsage. Na ce a'a. Innarka ta daina amsa gaisuwata, Ɗanladi kuma ya koma cin abinci gidan kawunsa.

Jan bunsuruna na bayar. Na ce a feɗe shi ba tare da an tsaga cikin ba, a zare fatar ɗungurungum kamar ta salka, don kada a samu ɗinki a gindi. Aka jeme ta da bagaruwa, aka kai wa tsohon badukun nan na Sanyinna da ke yi maka aiki. Na aika masa cewa da ƙiri zai ɗinka, ban da zare, ya ninka bakin sau biyu, ya yi marfi mai zurfi. Sannan na ce ya sa maratayi biyu masu faɗi irin na jakar sojan, ta zauna a baya, hannuwa su huta. Ya aiko cewa tun da yake bai taɓa ganin burgami mai goyo kamar jariri ba. Na ce ya yi dai, wannan ɗin dabarar yaron ce, kuma ta yi mini.

Da aka kawo, na cika shi da yashi na rataye a reshen darbejiya ya wuni, ƙirin bai saki ba. Na shafe shi da man shanu, na sa auduga a ciki na danna shi cikin randa. Audugar ta fito a bushe. Sai a lokacin Ɗanladi ya dawo cin tuwon gida.

Suka tafi. Bazara ta kama, hadarin farko ya zo da wuri. Maharba suka dawo babu shi. Bawa ya kasa duban idona, ya ce wata safiya suka tashi ba su gan shi ba, sun nema har guzurinsu ya ƙare. Kwanakin nan ba zan ba ka labarinsu ba, maigida. Innarka ce ta zo ta zauna da ni, muna jan carbi.

Ashe kabarinka ya tafi nema. Ya ji ana cewa kana gindin wata tsamiya a ƙetaren gulbi, ya saci jiki shi kaɗai don ya san za a hana shi. Yana tsakiyar ruwa ambaliya ta sauko. Bindigarka da ya ɗauka ta tafi, takalmansa suka tafi, ya bugu da dutse a ƙafa. Ya ce da jakar kafaɗa ɗaya ce da ita ma ta bi ruwa, ko ta shaƙe shi. Wannan tana manne a bayansa, hannuwansa biyu ya samu ya kama saiwa ya fito. Da ya buɗe, ƙyastu da audugarsa a bushe, ƙuli-ƙuli da garin gero ko danshi babu. Tun da ba ya iya takawa, ya hura wuta ya yi ta zuba ɗanyen ganye. Hayaƙin ne wasu Fulani makiyaya suka hango, suka ɗora shi a kan takarkari suka kai shi Fakku, suka yi masa ɗori. Daga can aka rako shi gida a kan jaki.

Da na gan shi na yi niyyar faɗa, amma na fasa. Na riƙe kansa kamar ranar da na haife shi. Ya rame, amma dariyarka ce a bakinsa. Yanzu ina barci, ina cin abinci, jiya har na yi wa maƙwabta daka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa inuwar da kake ƙarƙashinta ta zama sanyi gare ka. Ya saka wa Fulanin nan da alheri, ko sunansu ban sani ba. Ya raya mana wannan yaro mai taurin kai irin naka.

Ni ce matarka, Kulu, daga Tambuwal.

Bai kai ga tsamiyar ba. Har yau a cikinmu ba wanda ya tsaya a kan kabarinka.