Ƙafar Birki da Ƙwaryar Nono

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Sabuwar motar Alhaji Mahamat ta iso daga Douala. Fara fat, ko ledar kujerun ba a cire ba. An ajiye ta a garejinsa na Djamboutou, mutane sai zagaya ta suke yi. Mu biyu ne direbobin da ke ɗauko masa shanu, ni da ƙanena Ilyasu, kuma ɗayanmu za a ba makullin. Ni ban ga abin dogon tunani a nan ba. Ni na ɗora Ilyasu a kan sitiyari tun ƙafarsa ba ta kai kuloci sosai. Kuma daga Touboro zuwa Garoua ba direban da ya taɓa riga ni shiga gari.

Laraba, 9 ga Oktoba

Alhaji bai ce komai ba tukuna. Amma na gan shi ya dafa kafaɗar Ilyasu suna dariya. Ni bai taɓa dafa ni ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Muhaimin mahauci ya ɓata min rai a mayanka. A gaban mutane ya ɗaga cinyar wani bijimi, ya nuna inda jini ya kwanta ya yi baƙi, ya ce, "Wannan Muntaka ne ya kawo shi, ba sai an gaya min ba. Shanun Ilyasu da ƙafarsu suke saukowa, naka sai an ja su da igiya." Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole. Ilyasu na tsaye yana kallon ƙasa kamar bai ji ba. Wannan sunkuyar da kan nasa ya fi maganar ƙona min rai. Tun muna yara haka yake: ya yi shiru, a yabe shi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Yau Alhaji ya ce in kai shi Ngong ya duba shanu. Da za mu dawo ya sayi ƙwaryar nono, ya shigo gaba da farar rigarsa, ya ɗora ta a cinya ba murfi. Tsofaffin direbobinsa sun sha ba ni labari, haka yake gwada mutum, ba ya tambayar takarda.

Na ce a raina, ai gudu ne ke zubar da nono, to yau ba gudu. Na kama arba'in, har masu babur na wuce ni suna waiwaye. Amma tun daga tashi na saki kuloci, nonon ya fantsamo masa a ƙirji. Akuya ta shigo hanya, na taka birki, ya zuba a gwiwarsa. Ga kuma tudun kwaltan nan na rage gudu da ke shigar gari, wanda ban tuna da shi ba sai da na zo kansa. Bai yi faɗa ba. Ya dai share rigar da hannu ya ce da Fulatanci, "Hakkilo," wato in yi hankali. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An gwada Ilyasu. Wai har saba'in ya taka, kuma Alhaji ya sauko da rigarsa fes. Ban yarda ba. Ko dai ƙwaryar ba ta cika kamar tawa ba, ko kindirmo mai kauri aka saya masa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na je gaida Inna, na tarar da ƙanwarmu Ilham tana duba takardun ɗalibanta. Physique, wato kimiyyar fiziks, take koyarwa a makarantar sakandare. Na ba ta labari don ta taya ni jin haushi, sai ta ajiye biro.

Ta ce, "Yaya, ba gudu ne ke zubar da nono ba, canjin gudu ne."

Na ce ban gane ba. Ta ɗebo ruwa a kofi, ta yi ta tafiya da sauri a tsakar gida, ruwan na kwance. Ta tsaya cak, ya zubo ta gaba. Ta zabura, ya zubo ta baya. Ta ce gudu shi ne nisan da ka ci a cikin lokaci. Accélération kuwa shi ne yawan yadda gudun ya canza a kowace daƙiƙa. In canjin na ragewa ne sai a ce décélération, amma abu ɗaya ne, fuskarsa ce kawai ta juya tana kallon baya. Mota na iya tafiya ɗari ba ta da accélération ko kaɗan, in dai ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, ba ta karkata ba. Wai shan kwana ma canji ne, shi ya sa shanu ke jingina da gefe ɗaya.

Na ce to ina ruwan bijimi da wannan lissafi? Ta ce birki motar yake kamawa, ba ya kama bijimin. Shi jikinsa tafiya yake son ci gaba da yi, sai ƙarfen gaba ko ɗan'uwansa ya tare shi. Ta rubuta min a bayan wata takarda: kilomita saba'in da biyu a awa, mita ashirin ke nan a daƙiƙa. In na tsaya a daƙiƙa huɗu, kowace daƙiƙa na zubar da mita biyar na gudun, bijimi mai kilo ɗari huɗu zai ji kamar an danna shi da buhun siminti huɗu. In na raba tsayuwar a daƙiƙa ashirin, ko buhu ɗaya bai cika ba.

Duk na ji, har na so in ce madalla. Sai ta ƙara da cewa, "Yaya Ilyasu tun daga nesa yake ɗage ƙafa, na taɓa shiga motarsa." Nan na miƙe. Har Inna na cewa in tsaya a zuba min tuwo, na ce na ƙoshi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Har ƙanwar da na goya ta koma ɓangaren Ilyasu.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan masallaci Alhaji ya ba Ilyasu makullin. Ni kuma ya ce min, "Muntaka, kai ka fi kowa isowa da wuri, amma ni ba lokaci nake sayarwa ba, shanu nake sayarwa." Na ce Allah ya sa alheri.

Ilyasu ya biyo ni har bakin titi. "Yaya, in kana so in gaya masa a ba ka, wallahi ni ba komai." Na ce ya riƙe abinsa, ni ba sadaka na zo nema ba. Ina jin kishinsa, in faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan. Kishi mai zafi.

Talata, 29 ga Oktoba

Ilyasu ya wuce ta ƙofar gidana da sabuwar motar ya danna hon. Matata Hafsatu ta ce gaisuwa ce. Ni na san abin da na ji.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wata saniya mai ciki ta kasa tashi a lodin da na kawo, an yanka ta kafin ta mutu. A wata kwana da na sha da gudu ta faɗi, na ji ƙarar a bayana. Ba wanda ya ce min komai a mayanka, har Muhaimin. Ban ji daɗin shirun ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Tare muka yi lodi da Ilyasu a Touboro, shi a gaba, ni a baya da tsohuwar motata. Niyyata in wuce shi da zarar mun hau kwalta, ya ga sabon fenti ba shi ne tuƙi ba.

Ban san yadda aka yi ba, na tsaya kallon fitilar birkinsa. Da wuya take kamawa. Tun ƙauye na can nesa sai in ga motar ta fara laushi, ya rage giya, ya sake ragewa, kafin ya kai tudun kwalta gudun ya riga ya zube da kansa. In zai tashi kuma kamar mai ɗauke da jinjiri. Tun da ina bayansa dole ƙafata ta bi tasa. Can na lura bayan motata shiru, ba ƙarar ƙaho a jikin ƙarfe.

Bayan Ngong hanya ta buɗe, ba kowa a gaba. Ya matsa gefe, ya fito da hannu yana min alamar in wuce. Ban wuce ba.

A mayanka shanuna suka sauko da ƙafarsu, dukansu. Ilyasu ya zo yana goge hannu, ya ce, "Yaya, lafiya yau ba ka wuce ni ba?"

Na ce masa kuloci ne ke ba ni matsala.

Kulocin lafiyarsa ƙalau.