Inna Ta Ɗauko Ruwa

Daura, daren Laraba

Yau saura ƙiris gidan nan ya tafi. Na bar Inna tana suyar awara na shiga sallar La'asar, ina sallamewa na ji ƙauri. Mai ya kama da wuta a kasko, ita kuma ta kinkimo bokitin ruwa za ta watsa. Da ƙyar na riƙe hannunta, na kashe gas, na kifa murfi.

Ita ce fa ta koya mini ba a zuba wa wutar mai ruwa, har ranƙwashi na sha ina yarinya. Likita ya ce ciwon mantuwar nan da take fama da shi sai dai gaba.

Da Magariba ta dubi baƙin bangon ta ce, "Wace sakarya ce ta bar mai a wuta?"

Na ce, "Ni ce, Inna."