Na Gano Abin da Anti Mai Laburare Take Ɓoyewa

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Bara na gama firamare. Akwai wani ɗan laburare kusa da gidanmu, a saman shagon mai gyaran agogo, can nake zuwa in an tashi daga makaranta. Matar da take kula da shi, Anti muke ce mata, ita ta fara miƙo mini littattafan da suka hana ni sakat. Labaran wata mai laburare ne a wani ƙaramin gari, 'yar dattijuwa mai kyanwa da butar shayi. Ba 'yar sanda ba ce, ko gudu ba ta iyawa. Amma in aka yi sata ko wani ya ɓace, ita take gano gaskiya, don tana lura da abin da kowa ya raina, kamar wanda ya rantse bai fita ba ranar da aka yi ruwan sama amma ya dawo da littafi a jiƙe. Gwaggo, ina son matar nan kamar in shiga littafin in riƙe mata jaka. Ita ma ba ta da surutu, kuma ba mai ce mata bebiya yadda yayana yake tsokanata.

To sai na fara kwaikwayonta. Ina zama a kujerar lungu, littafi a gabana, ina kallon mutane ta ƙasan ido. Da wasa na fara, sai na gano abin da ban so ganowa ba.

Anti ba ta gani sosai yanzu, kuma ba ta gaya wa kowa ba. In an shigo ba ta cewa komai sai mutum ya yi magana, sannan ta kira sunansa. Hatimin ranar dawo da littafi a juye take buga shi wani lokaci. Littafin lissafi sai in tsince shi cikin na tatsuniya. Da ta juya baya nakan lallaɓa in mayar da su wurinsu. Amma ran nan ta kusa faɗowa daga matakala, ta yi dariya ta ce takalminta ne. Ni dai na ga ƙafarta tana laluben wurin takawa.

A littafi, matar tara kowa take yi a babi na ƙarshe ta faɗi abin da ta gano. Ni in na faɗa, ina tsoron waɗanda suka ɗauki Anti aiki su sallame ta. In na yi shiru, ina tsoron ta faɗo. Kuma in ta san ina sa mata ido, ƙila ta ji haushi ta hana ni zuwa, alhali ba ni da wurin da nake sakewa kamar can. Yaya zan yi?

Taki,
'Yar Kujerar Lungu

'Yata,

Kin burge ni. Manya nawa ne suke hawa matakalar nan ba su lura ba? Littattafan sun koya miki kallo, tausayin kuwa naki ne.

Amma ki duba, waccan matar masu laifi take nema, shi ya sa take tara jama'a. Antinki ba ta yi laifi ba, tsoro take ji kamar yadda kike ji. Saboda haka babu zancen tara kowa. Kada ƙawaye su ji, kada yayanki ya ji, balle waɗanda suka ɗauke ta aiki. Sirrinta ne, ita za ta zaɓi lokacin faɗa musu.

Shirun ma ba zai yi ba. Gyara littattafai a ɓoye alheri ne, sai dai ba ya warkar da ido, kuma ba za ki kasance a wurin kullum ba. Ciwon ido da yawa ana maganinsa in an je asibiti da wuri, jinkiri ne yake ɓata shi.

Ki faɗa wa mahaifiyarki kamar yadda kika rubuto mini. In baki ya ƙi, miƙa mata shafin nan. Ku je wurin Anti tare lokacin da ba kowa, ita ta yi maganar a matsayin mace da 'yar'uwarta. Naki kaɗan ne: ki ce wa Anti kina ƙaunarta, kuma kina so ta yarda ki riƙa taya ta jera littattafai da saninta. Wataƙila ta ɓata rai ranar, wataƙila ma ki tarar ta riga ta ga likita. Ko wanne ne, ban ga matar da ta zaɓo miki irin waɗannan littattafan tana korarki don kin karanta su da kyau ba.

Kada ki bari makon nan ya wuce. Allah ya ba Anti lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Gwaggonki