Ƙashin da Aka Rataya wa Sakinatu

Paraku, Nuwamba 1966

Yaya Labbo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida a Jugu. Ni lafiya lau. Aikin dako a tashar jirgi yana tafiya. Bayana ne dai ke ɗan yi mini gardama da safe, kada ka gaya wa Inna.

Na ji ka cire 'yata Sakinatu daga lakwal, wato makarantar boko, wai ta dawo gida da ƙashi rataye a wuya, kuka ce jifa aka yi mata, har kuka binne ƙashin. Yaya, ba asiri ba ne. Duk yaron da malamin aji ya ji yana Hausa maimakon Faransanci, shi ake rataya wa, don a kunyata shi.

Ka mayar da ita ranar Litinin. Ta yi karatun allo da asuba, ta sha koko, ta isa kafin a kaɗa ƙararrawa. Ranar kasuwa ma kada a ɗora mata tallar goro. Ƙashin kuwa a tono shi, ta miƙa wa malamin da hannunta.

Za ka ce na raina manya. Ban raina ka ba, amma a kan wannan ba zan janye ba. Kullum ina ɗaukar buhuna masu rubutun nasara, ban san me aka rubuta ba, sai dai nauyin. In an sake rataya mata, ku bar ta. Nata kayan ya fi nawa sauƙi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ishaƙu